Zama Kusa da Bola: Yadda Za a Tare wa Gubar Dalma Hanyar Shiga Gida

Wanda gidansa ke kusa da bola, abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wari da ƙudaje da hayaƙi. Duk waɗannan hanci da ido na sanar da zuwansu, mutum ya rufe taga ko ya kauce. Abin da ya fi su illa ba shi da wari kuma ba shi da ɗanɗano, wato ƙarafa masu guba: dalma da zaiba da kadmiyam da asenik da kuromiyam. Ragowar abinci na ruɓewa, takarda na ƙonewa, amma ƙarfe ba ya ruɓewa kuma wuta ba ta kashe shi. Idan aka cinna wa bola wuta, dalmar da ke dunƙule cikin batir ko wayar lantarki takan koma gari mai laushi, iska ta ɗauka ta raba wa maƙwabta. Ana iya kwashe bola yau a gina gidaje a wurin, bayan shekaru masu yawa dalmar na nan a ƙasar tsakar gida.

Shawarar da ta fi sauƙin bayarwa ita ce a tashi daga wurin. To, wanda ke da halin tashi ai ba ya jiran a gaya masa. Wannan bayani na wanda zama ya kama ne. Guba ba ta shiga jiki don kawai ana hango bola daga ƙofar gida, sai ta sami hanya, ta baki ko ta numfashi. Hanyoyin ba su da yawa, kuma akasarinsu ana iya toshe su da hannu da ruwa da sabulu kafin a kai ga likita.

Mataki na farko: ku san irin bolar da kuke maƙwabtaka da ita

Ba duka bola ce ɗaya ba. Wadda ake zubar da sharar gida zalla tana da tata illar, amma ba ta kama ƙafar wadda ake fasa batura ko ƙona wayoyi a cikinta ba. Babba a gidan ya zaga wurin da rana, ba tare da yara ba, ya duba abin da ake zubarwa da kuma sana'ar da ake yi a gefen bolar.

Abu na farko da za a nema shi ne batirin mota da na babur da na sola. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a batura take ƙarewa. In ka tsaya inda ake fasa su za ka ga yadda abin yake: a sa gatari a tsaga baƙar robar, a tuntsurar da ruwan batirin a ƙasa, a zaro farantan ciki. A jikin farantan akwai wani busasshen abu launin toka ko ruwan ƙasa, mai marmashewa da an taɓa shi. Mai fasawa dunƙulen ƙarfe yake nema, wannan garin bai dame shi ba, sai ya zube ya gauraya da ƙasa. Shi ne kuwa ya fi haɗari, domin shi ke manne wa tafin ƙafa da hannu. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na Senegal, an daɗe ana fasa batura a cikin unguwa, daga baya mutane suka shiga tankaɗe ƙasar wurin don tsintar ɓurɓushin dalma su sayar, har suna kai ƙasar cikin gidajensu. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu.

Na biyu shi ne tarkacen kayan lantarki. A shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saura na ƙarewa a bola ko a hannun 'yan gwangwan. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya yana ɗauke da dalma mai yawa, haka ma ƙarfen da ake liƙa ƙananan kayan cikin rediyo da kwamfuta na da. Robar da ke lulluɓe da tsofaffin wayoyi ma akan sa mata dalma, shi ya sa ƙona waya don ciro jan ƙarfe, aikin da ya sa sunan Agbogbloshie na birnin Accra ya zaga duniya, ke barin toka mai guba.

Sauran a taƙaice: zaiba na cikin dogayen ƙwayayen fitila masu farin haske da tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi. Kadmiyam na cikin wasu batura masu caji na da da wasu launukan roba. Kuromiyam na zuwa daga sharar masana'antun jima, asenik kuma daga katakon da aka sa wa maganin gara da tsofaffin magungunan ƙwari.

Kafin ku dawo gida ku lura da abu uku: ta ina iska ta fi kaɗowa, ina ruwan sama ke bi idan ya wanko bolar, kuma wane lokaci ake yawan cinna wuta. Gidan da ke nesa amma yana gangare ko yana bakin iska na iya fin na kusa shan guba.

Mataki na biyu: ƙura da hannun yaro

Da za a ce mutum ya ɗauki mataki ɗaya tak, wannan zan ce ya ɗauka. Babbar hanyar da dalma ke shiga jikin yaro ita ce ƙura ta hau hannu, hannu ya shiga baki. Ku dubi yaro ɗan wata goma na minti biyar kawai. Ya ja rarrafe da tafin hannu, ya zauna ya tsotsi yatsa, ya ɗauki murfin kwalba ya lasa, abincin da ke hannunsa ya faɗi ya ɗauka ya mayar baki. Babu wanda zai ce ya ci ƙasa, amma ya ci. Bugu da ƙari, hanjin yaro na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa, ƙwaƙwalwarsa kuma a lokacin take ginuwa. Shi ya sa 'yan ƙasa da shekara shida da masu juna biyu su ne a sahun gaba.

A fara da shara. Busasshiyar shara da tsintsiya ba ta fitar da wannan ƙura, tayar da ita take yi ta sake sauka kan shimfiɗa da kwanuka. A yayyafa ruwa kafin a share, kuma a fitar da yara sai an gama. A cikin ɗaki a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma, da bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Mai goge ɗaki da bokiti ɗaya yana mayar da dattin da ya kwasa ne. Kada a manta da bakin taga, nan ƙura ta fi taruwa, nan kuma yaro ke dafawa idan ya fara tsayuwa. Ruwan da aka yi gugar a zubar da shi inda yara ba sa wasa kuma ba a shuka komai.

Takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Yaron da ke rarrafe a shimfiɗa masa abin da ake iya wankewa, kada a ajiye shi a tsurar ƙasa. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kafin ya yi barci, da duk lokacin da ya shigo daga wasa, a kuma riƙa yanke masa farce domin ƙarƙashinsa ƙura ke ɓuya. Man tsabtace hannu da ake shafawa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a nan, dalma ba rai gare ta ba balle a kashe ta, sai dai a wanke ta ta fita. Kayan wasa da duk abin da yaro ke sa wa a baki su ma a riƙa wanke su. Kayan wasan da aka tsinto a bola kuwa, komai kyansu, kada su shigo gida.

Sai tsakar gida. Dalma ba ta cika nutsewa can ƙasa ba, a 'yan santimitocin sama take zama, daidai inda yara ke tono. Rufe ƙasar na rage haɗarin ƙwarai. Wanda ke da hali ya yi daɓen siminti, ko da a ɓangaren da yara ke wasa ne kaɗai. Wanda ba shi da hali ya shimfiɗa buhuna ya zuba tsakuwa ko yashi mai kauri a kai, amma yashin daga nesa da bola za a ɗebo shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cike rami ko ƙofar gida da ƙasar bola ko tokarta saboda ita ce a kusa. Wannan kwaso gubar ne da hannu a kawo ta gida.

Ranar da aka cinna wuta, a rufe tagogin da ke fuskantar hayaƙin, a kwashe shanya, a rufe abinci da ruwan sha. Bayan hayaƙin ya lafa a bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan ma'aunin zafi ko ƙwan fitila ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi. Zaiba takan watse ta zama ƙananan ƙwallaye masu sheƙi. Kada a share ta da tsintsiya, kada a zuƙe ta da inji, kada a zuba ta a magudana. A sa kwali biyu a tattaro ta, a bi saura da salatif, a zuba duka a kwalba mai murfi. Tururinta ne ke cutarwa, kuma ba a ganinsa.

Mataki na uku: idan akwai mai aiki a bolar a cikin gidan

Mutane da yawa da bola suke ci suke sha, kuma ba zan ce su bar sana'arsu ba. Amma mai aikin na iya zama shi ne hanyar da gubar ke bi ta iso ɗakin da jariri ke kwance, a rigarsa da gashinsa da takalminsa. Ya ware kayan aiki daban, ya tuɓe su kafin ya shiga ɗaki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. A wanke kayan aikin su kaɗai, ba tare da na iyali ba, kuma mai juna biyu ba ita za ta wanke su ba. Kada ya ci abinci ko ya sha taba a wurin aiki da hannun da bai wanke ba. Taba ma da kanta tana ɗauke da kadmiyam, mai shanta yana tara guba biyu ne. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, takunkumi irin N95 da ya zauna daram a fuska ya fi, ko da yake shi ma bai isa kariya ga mai narka dalma ba.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a tara kayan bola a gida, ba a fasa batir a gida, ba a narka ƙarfe a gida. Yara kuma ba sa zuwa taya aiki.

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu irin wannan aiki a ƙasashe da dama, cewa shan madara bayan an shaƙi hayaƙi na wanke gubar. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini. Illar maganar ita ce tana sa mutum ya saki jiki.

Mataki na huɗu: ruwa

Ruwan sama idan ya ratsa bola yakan fito baƙi mai wari, ya gangara kwata ko ya tsuma ƙasa. Rijiya marar zurfi da ke gangaren bola ita ce ta fi shiga haɗari. Rijiyar burtsatse mai zurfi ta fi aminci, amma ba a rantsewa a kanta sai an gwada. A nan ido ba ya taimako ko kaɗan: ruwa na iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali dalmar cikinsa ta wuce ƙima.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire ƙarfe. Hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu, gubar da ke cikin sauran ƙaruwa take yi. Sinadarin kulorin ma ba ya cirewa. Alif da tacewa da ƙyalle na rage abin da ke manne da laka, amma ba abin dogaro ba ne wajen cire narkakken. Injin tace ruwa da ake kira ribas osmosis yana cire mafi yawan waɗannan ƙarafa, muddin ana canza matatarsa a kan lokaci.

Hanyar tabbatarwa ita ce kai ruwan ɗakin gwaje-gwaje, na hukumar ruwa ko na jami'a ko na 'yan kasuwa. A karɓo kwalbar ɗiban daga wurinsu, kuma a faɗa musu ƙarara cewa gwajin ƙarafa ake so, domin gwajin ruwa na yau da kullum sau da yawa ƙwayoyin cuta kaɗai yake dubawa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a kowace lita shi ne kada dalma ta wuce maikirogiram 10 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), asenik 10, kadmiyam 3, zaiba 6, kuromiyam 50. Gwajin rani ba ya wakiltar damina, in da hali a yi sau biyu. Kafin sakamako ya fito, ruwan sha da girki da haɗa abincin jarirai a samo shi daga wani wuri, na rijiyar a bar shi ga wanki da guga. Masu tarar ruwan sama su bar na farko ya wanke rufin ya zube, domin ƙurar bola a kan rufi take kwana.

Mataki na biyar: abin da ake shukawa da kiwatawa a wurin

Ƙasar tsohuwar bola baƙa ce mai taushi, shuka na son ta, shi ya sa ake ɗibarta a matsayin taki. Ganyen zai fito kore shar, amma kyan ganye ba ya nuna abin da ya sha. Kayan lambu masu ganye sun fi ɗaukar kadmiyam, masu saiwa kuma ƙasa na manne musu, masu 'ya'ya irin su tumatir sun fi sauƙin lamari. Shinkafar da aka noma da gurɓataccen ruwa na tara kadmiyam da asenik. Abin da ya faru ke nan a yankin Toyama na Japan, inda aka shayar da gonakin shinkafa da ruwan kogin Jinzu mai ɗauke da sharar ma'adinai, mutane, galibi mata, suka kamu da ciwon da ke lalata ƙoda yana sa ƙashi ya yi laushi har ya karye. Kadmiyam idan ya shiga ƙoda yakan yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita.

Mai son yin lambu a irin wannan wuri ya yi shi a buhuna ko akwatuna da ƙasar da aka kawo daga nesa, ya yi ban-ruwa da ruwa mai kyau. A wanke ganye sosai a zubar da na waje, a fere duk abin da ya fito daga cikin ƙasa. Wanki na cire ƙurar da ke kai, ba ya cire abin da shukar ta riga ta tsotsa.

Dabbar da ke kiwo a bola tana tara gubar a hanta da ƙoda, shanu ma har lasar fasasshen batir suke yi su mutu. Kajin da ke tono a wurin na iya sauke dalma a cikin ƙwai. A killace su a ba su abinci a mazubi. Kifin kududdufin da ruwan bola ke malala ciki a haƙura da shi, musamman manya masu cin ƙananan kifaye, domin zaiba hawa take yi daga ƙarami zuwa babba. Ta kifi ne ta nakasa mutanen Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956.

Akwai kuma tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen alminiyam. Idan an haɗa da sassan inji ko wasu tarkace masu dalma, takan fita cikin abinci, musamman mai tsami da aka daɗe ana dafawa. Kada a bar abinci ya kwana a cikinsu, kuma na yara a dafa shi a tukunyar ƙarfe marar tsatsa in akwai.

Ta ɓangaren ciyarwa, cikin da ba komai ya fi tsotse dalma, jikin da ke ƙarancin sinadarin ayon ko kalsiyam kuma yakan karɓe ta a madadinsu. Yaro ya karya kafin ya fita wasa, a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da wake da nama da madara da 'ya'yan itatuwa gwargwadon hali. Wannan rage shiga yake yi, ba magani ba ne. Mai juna biyu da ke sha'awar cin ƙasa ta gaya wa ma'aikatan awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce kuma ana maganinta.

Mataki na shida: gwajin jini

Mafi yawan yaran da dalma ke cikin jininsu ba sa nuna wata alama. Suna ci suna wasa, illar sai an shiga makaranta take bayyana: rashin riƙe karatu, rashin natsuwa, jinkirin magana. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai maikirogiram 5 ko fiye a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Don haka ba a jiran alama. Yaron da ke zaune kusa da inda ake fasa batir ko ƙona waya ya cancanci gwaji ko da lafiyarsa ƙalau.

Idan alamun suka zo, sukan yi kama da wasu cututtuka: ciwon ciki, taurin bayan gida, amai, rashin cin abinci, kasala, ɗashewar jiki saboda ƙarancin jini. In abin ya yi tsanani sai jijjiga da suma, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ga manya akwai hawan jini, ciwon ƙoda, raunin wuyan hannu, yawan ɓari ga mata da raunin haihuwa ga maza. Abin da ya kamata ya ɗaga hankali shi ne a ga yara da yawa a gida ɗaya ko layi ɗaya da ciwo iri ɗaya, ana ba da magani ba ya ji, ko dabbobin wurin su riƙa mutuwa. Likita ba zai yi tunanin dalma ba in ba ku gaya masa ba. Ku faɗa masa inda kuke zaune da sana'ar da ake yi a gidan da kewayensa, ku roƙi a auna dalma a jini.

Gwajin iri biyu ne. Akwai na tsira yatsa, mai sauri, amma idan ba a wanke hannun da sabulu sosai ba, ƙurar da ke fatar na iya sa adadin ya hau. Idan ya nuna yawa, a tabbatar da jinin jijiya. Babu adadin da aka tabbatar ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a nemo tushen gubar a raba mutum da shi, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma tun 2021 take amfani da 3.5. Ku karɓi takardar sakamakon ku adana, ku tambayi ranar da za a maimaita.

Jini yana nuna abin da ya shiga kwanan nan ne, domin cikin kamar wata guda rabin dalmar ke barinsa. Ba duka ke fita daga jiki ba, mai yawa ƙashi take komawa ta zauna shekaru gommai. Lokacin goyon ciki, da jiki ke jan kalsiyam daga ƙashi, sai ta biyo ta isa ga ɗan tayi. Matar da ta girma kusa da irin wannan bola ta ambata wa masu awo ko da ta daɗe da barin wurin. Shayarwa kuma kada a yanke ta bisa tsoro, likita ne zai yanke hukunci bayan gwaji.

Kadmiyam da asenik da zaibar da aka shaƙa an fi auna su a fitsari, kuma kafin gwajin asenik akan ce a ƙaurace wa abincin teku na 'yan kwanaki don kada ya rikita sakamako. Gwajin gashi da wasu ke tallatawa ba abin dogaro ba ne ga mai zama cikin ƙura, domin ba ya bambance ta waje da ta cikin jiki.

Mataki na bakwai: magani, da abin da ba ya yi

Akwai magungunan da ke kama dalma su fitar da ita ta fitsari, irin su DMSA da ake haɗiya da EDTA da ake sa wa ta jijiya. Ga yara akan fara su ne idan adadin ya kai maikirogiram 45 a kowace desilita, a ƙarƙashin kulawar likita, domin suna iya taɓa ƙoda da hanta su kuma kwashe sinadaran da jiki ke buƙata. Yaron da ke jijjiga ko ya fita hayyacinsa asibiti za a nufa da shi nan take. Ƙasa da 45, wani babban gwaji da aka yi a Amurka ya nuna maganin na sauke adadin a jini amma bai gyara fahimtar yaran ba. Abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa magani ba ya dawo da shi, sai dai kulawa da koyarwa su taimaka wa yaron. Duk mai tallan wani haɗi ko shayi da sunan wanke ƙarafa daga jiki, kuɗinku yake so.

Darasi mafi tsada a kan wannan daga Zamfara ya zo a 2010. Can ba bola ba ce, duwatsun zinare masu dalma ake niƙawa a cikin gidaje, amma hanyar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ga cewa ba amfani a ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar, don haka sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa. A garin Bagega jinyar yara ta jira har 2013, lokacin da aka yi aikin kwashe ƙasar.

Mataki na takwas: abin da gida ɗaya ba zai iya ba

Kuna iya goge ɗakinku sau uku a rana, muddin ana narka batir a bayan katanga ƙurar za ta dawo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, don haka maƙwabta su haɗa kai. Buƙatun da suka fi saurin biya su ne a daina cinna wuta, a fitar da fasa batura da narka ƙarfe daga cikin unguwa, a katange bolar don yara da dabbobi, a kuma yi wa baƙin ruwanta hanya nesa da rijiyoyi. Da masu sana'ar za a zauna, ba da faɗa ba, domin 'ya'yansu ne suka fi kowa shan gubar. Fere waya da wuƙa ko da ɗan inji na ba da jan ƙarfe mai tsabta fiye da ƙonawa, batir kuma ana iya sayar da shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba ga masana'antar da ke da lasisi.

Koke ga hukumar muhalli ko ta lafiya ya fi tasiri idan da shaida a hannu: hotuna masu kwanan wata, sakamakon gwajin ruwa, da na jinin yara in iyayensu sun yarda. A nemi a gwada ƙasa. Akwai na'urar hannu mai suna XRF da ake ɗora wa ƙasa ta ba da adadi cikin ɗan lokaci, sassan kimiyya na jami'o'i da ƙungiyoyin muhalli kan mallake ta. In ku za ku ɗebi samfurin da kanku, ku kankari saman ƙasar da cokalin roba daga wurare da dama inda yara ke wasa, ku zuba a sabuwar leda, ku rubuta wuri da rana. Don kwatance, hukumar kare muhalli ta Amurka a 2024 ta sauke ma'aunin da take fara bincike a kansa a unguwannin zama daga miligiram 400 na dalma a kilon ƙasa zuwa 200.

Idan an yi duk wannan, aka maimaita gwajin jinin yaro bayan 'yan watanni aka ga adadin bai sauka ba ko ma ya hau, to akwai hanyar da ba a gano ba, ko kuma wurin ya fi ƙarfin gyaran gida. A nan sai a raba yaron da wurin. In iyali duka ba za su iya tashi ba, ƙananan yara da mai juna biyu su koma wajen dangi har a kwashe ƙasar ko a rufe ta, kuma kayan sawa da shimfiɗun da za su tafi da su a wanke su tukuna.